Shekara Biyu a Ajin Ilimin Halayyar Ɗan Adam: Shaidar Mai Koyarwa

Wannan shaida ce daga wanda ya daɗe yana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare, yana kuma bin takardunsu da jan biro. Rayuwar da zan ba da labarinta ta ɗalibin da ya zaɓi wannan darasi ce, tun daga ranar da ya fara zama a aji yana da shekara 16 har ranar da ya ajiye biro a jarrabawar ƙarshe yana da 18. Hanyar kusan ɗaya ce ga kowa, kuma ramukan da ake faɗawa ba su cika sauya wuri ba.

Da yawa sukan shigo da buri guda: su iya karanta zuciyar mutum, su gane maƙaryaci daga ƙiftawar idonsa, su fassara mafarki. Wasu kuma gudowa suka yi daga lissafi da kimiyya, a zatonsu nan wurin hira ne da faɗin ra'ayi. Makon farko yakan rushe wannan zato, kuma gara ya rushe da wuri. Tun daga 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji na farko na wannan fanni a birnin Leipzig na Jamus, ilimin ya tsaya ne a kan awo da gwaji. A Ingila, inda darasin yake cikin waɗanda aka fi ɗauka a matakin A-level, wato shekara biyun ƙarshe na sakandare, aƙalla kashi 10 cikin 100 na makin jarrabawa lissafi ne, kuma kimanin rubu'in makin ko fiye yana kan dabarun bincike. Wanda ya gudu daga lambobi zai tarar da su suna jiransa a bakin ƙofa.

Ni nakan so a fara da batun tunawa da mantuwa, domin ɗalibi yana iya gwada shi a kansa nan take. A 1956 George Miller ya bayyana cewa abin da mutum ke iya riƙewa a kai lokaci guda bai wuce guda bakwai ba, a ƙara biyu ko a rage biyu. A karanta wa aji lambobi, a fara da huɗu, a riƙa ƙara ɗaya, kowa ya rubuta abin da ya ji; kafin a kai goma, kusan duk biro ya tsaya. A 1959 kuma Lloyd Peterson da Margaret Peterson suka riƙa bai wa ɗalibai 24 baƙaƙe uku marasa ma'ana, sai su sa su ƙirga baya da uku-uku daga wata lamba don hana su maimaitawa a zuci. Bayan daƙiƙa 3 ana tuna kusan kashi 80 cikin 100. Bayan daƙiƙa 18 bai kai kashi 10 ba. A nan ne ɗalibi yake fara ganin cewa abin da ake ɗauka gaibu ne a cikin kai yana da awo kamar tsawo da nauyi.

Sai binciken da yakan girgiza aji. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai 45 hotuna masu motsi na haɗarin mota, suka tambaye su gudun da motocin ke yi, amma aka sauya kalma ɗaya tak a cikin tambayar. Waɗanda aka tambaya da kalma mai ma'anar ragargazawa sun ce gudun ya ɗara mil 40 a awa, waɗanda aka tambaya da kalma mai ma'anar taɓawa suka ce kimanin mil 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda, aka tambayi wasu ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashin da ya fashe a hoton, amma mutum 16 cikin 50 na waɗanda suka ji kalmar ragargazawa suka ce sun gani, alhali a cikin waɗanda suka ji kalma mai sauƙi mutum 7 ne kawai. Muna cewa gani ya kori ji, to ga shi ji ya shiga ya gyara gani. Ɗalibin da ya fahimci wannan ba zai sake sauraron mai ba da shaidar gani da ido kamar da ba, ba don yana zargin mutum da ƙarya ba, sai don ya san cewa ƙwaƙwalwa tana sake gina abin da ya wuce duk lokacin da aka tambaye ta.

Zangon da ɗalibai suka fi ƙauna shi ne na biyayya da bin jama'a, kuma a nan ne suka fi zubar da maki. Solomon Asch, a shekarun 1950, ya zaunar da mutum guda cikin mutanen da aka shirya da su, ya nuna musu layuka, suka riƙa ba da amsar da kowa ke gani ba daidai ba ce. Kimanin kashi 37 cikin 100 na amsoshin sun bi kuskuren jama'a, kuma mutum uku cikin huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Stanley Milgram, a rahotonsa na 1963 daga Jami'ar Yale, ya sa maza 40 a gaban na'ura mai maɓallai 30, daga bolt 15 zuwa 450, aka umarce su su riƙa jona wa wani mutum lantarki duk lokacin da ya yi kuskure. Lantarkin ba na gaske ba ne, amma su ba su sani ba. Mutum 26, wato kashi 65 cikin 100, sun kai har maɓalli na ƙarshe.

Labari ne mai daɗin bayarwa, kuma daɗin nan shi ne tarkon. Ɗalibi yakan cika shafi biyu da labarin, ya siffanta rigar mai ba da umarni da gumin wanda ake gwadawa, ya fito yana murna, sakamako ya zo ya ga rabin maki ma bai samu ba. Dalilin a fili yake. A tsarin AQA, wata hukumar shirya jarrabawa ta Ingila, babbar tambaya mai maki 16 takan ba da maki 6 kacal ga bayanin abin da aka yi, sauran 10 kuma na auna binciken ne: ƙarfinsa, rauninsa, da iyakar abin da za a iya ɗorawa a kansa. Mai labari, komai iya bakinsa, a 6 zai tsaya.

Auna bincike kuwa ba a yinsa da jumla guda. Abin da na fi gani a takardu shi ne: "Wannan bincike yana da rauni domin maza kawai aka gwada." Sai a sa aya a wuce. Wannan rabin magana ce. Cikakkiyar magana tana da gaɓa uku: a faɗi raunin, a kawo hujja daga cikin binciken, sannan a nuna abin da raunin ya jawo. Misali: duka mutum 40 da Milgram ya fara gwadawa maza ne 'yan Amurka da suka kawo kansu bayan sun ga talla; mai kawo kansa yana iya zama mai saurin ba da haɗin kai fiye da sauran mutane; saboda haka ba za a ɗauki kashi 65 ɗin nan a ce awon biyayyar kowane ɗan Adam ba ne. Ɗalibi mai zurfi zai ƙara da cewa da Milgram ya mayar da gwajin wani tsohon ofis a garin Bridgeport, biyayya ta sauka zuwa kashi 47.5, da mai umarni ya koma ba da umarni ta wayar tarho kuma ta sauka zuwa kimanin kashi 20. Haka a gwajin Asch, mutum ɗaya tak da ya faɗi gaskiya a cikin taron ya isa ya mayar da bin kuskure kusan kashi 5. Waɗannan lambobi su ne ke nuna cewa yanayi ne ke jan mutum, kuma su ne ke bambanta takardar da ta haddace da wadda ta fahimta.

Yanzu ga ƙashin bayan darasin, inda nake roƙon kowane ɗalibi ya zauna ya daɗe: dabarun bincike. Ba a koyon su da karatu kawai, sai an yi da hannu. Gwajin da ya fi sauƙi kuma ba ya cutar da kowa shi ne wanda John Ridley Stroop ya wallafa a 1935. Ana rubuta jerin sunayen launuka guda biyu, kowanne kalma 30. A jeri na farko, kalmar "ja" da jan tawada take, "kore" da koriya. A na biyu kuwa an saɓa: an rubuta "ja" da shuɗin tawada, "kore" da ja. Aikin wanda ake gwadawa shi ne ya faɗi launin tawadar, ba kalmar ba, ana auna masa lokaci da agogo.

Kafin a taɓa agogo, sai an rubuta hasashe wanda za a iya aunawa. "Saɓanin launi yana rikita mutum" ba hasashe ba ne, domin ba a auna rikicewa da agogo. Abin da ake so shi ne: mutane za su ɗauki daƙiƙoƙi mafi yawa wajen faɗin launin kalmomi 30 masu saɓani fiye da kalmomi 30 masu dacewa. A cikin wannan jumla an ga abin da mai bincike yake sauyawa, wato irin jerin, an kuma ga abin da yake aunawa, wato daƙiƙoƙi. Duk wani abu ban da waɗannan biyu dole ya zauna daram: girman rubutu ɗaya, launuka huɗu iri ɗaya a jerin biyu, ɗaki ɗaya, nisan takarda daga ido ɗaya, umarni kuma a rubuce, a karanta wa kowa shi kalma da kalma.

A samu mutum 20. Ga inda aiki ya fi lalacewa: ɗalibi ya sa dukkansu su fara da jeri mai sauƙi, sannan su yi mai wuya. Idan haka ta faru, ba a san ko jinkirin jeri na biyu daga saɓanin launi yake ba ko daga gajiya, ba a kuma san ko sabo da aikin ya rage jinkirin ba. Maganinsa a raba su biyu, 10 su fara da mai sauƙi, 10 su fara da mai wuya. Kuskure na biyu shi ne mai riƙe agogo ya san abin da yake fatan gani, sai yatsansa ya yi ɗan jinkiri a jeri mai wuya ba tare da ya yi niyya ba. Gara a ba wani agogon wanda bai san hasashen ba. Na uku, a manta a tambayi mutum ko yana rarrabe ja da kore, alhali akwai masu matsalar ganin launi, musamman a cikin maza. Na huɗu, ɗalibi ya tara abokansa na ajin saikoloji waɗanda sun riga sun san sirrin gwajin. Kowanne daga cikin waɗannan ɗan kutse ne da ya shigo tsakanin abin da aka sauya da abin da aka auna, kuma mai duba jarrabawa yana son a kama shi da suna, a faɗi yadda za a kore shi.

Akwai haƙƙin wanda ake gwadawa, kuma ba na yarda a ɗauke shi a matsayin cika takarda. A gaya masa abin da zai yi, ya amince da bakinsa ko da sa hannu. Ya san yana da damar tsayawa a kowane lokaci. A rubuta lamba a madadin sunansa. Bayan an gama a bayyana masa manufar gwajin. Idan bai kai shekara 16 ba, sai da izinin iyaye. Ƙa'idojin nan sun tsananta ne bayan an ga irin ƙuncin da mutane suka shiga a gwajin Milgram da kuma gwajin kurkukun Jami'ar Stanford na 1971, inda aka sa wasu ɗalibai su zama fursunoni wasu kuma masu gadi a kurkukun kwaikwayo, wanda aka shirya zai kai mako biyu amma aka tsayar da shi a kwana na shida. Ɗalibin sakandare ba shi da hurumin maimaita ko kusa da irin waɗannan.

Sai lissafin da ake tsoro, wanda a gaskiya bai kai tsoronsa ba. A ce mutum biyar sun ɗauki daƙiƙa 20, 21, 22, 23 da 64. Idan aka tara aka raba biyar, matsakaicin 30 ne, alhali huɗu daga cikinsu ba su ko kusanci 30 ba; mutum ɗaya ne ya ja lissafin. A irin wannan hali lambar da ke tsakiya, wato 22, ta fi faɗin gaskiya. Sanin lokacin da za a zaɓi wannan a bar wancan, da iya faɗin dalili a jumla biyu, maki ne da ake samu a sauƙaƙe kuma ake zubarwa a banza. Don a san ko bambancin da aka gani ba sa'a ba ce kawai, akwai gwajin alama: a sa alamar ƙari ga duk wanda ya fi jinkiri a jeri mai wuya, alamar ragi ga wanda ya fi sauri, a cire wanda lokacinsa bai sauya ba, a ƙirga alamar da ta fi ƙaranci. Idan mutum 20 ne suka rage, wannan adadi sai ya kasance 5 ko ƙasa da haka kafin a ce sakamakon ya tsallake ma'aunin kashi 5 cikin 100 da aka saba amfani da shi, wato yiwuwar a samu irin wannan bambanci da sa'a kawai ba ta wuce kashi 5 ba. Kuma ko ya tsallake, ba a rubuta "an tabbatar". Ana rubuta cewa sakamakon ya goyi bayan hasashen. Kalmar "tabbatar" ita kaɗai ta sha jan biro fiye da kowace kalma a wannan darasi.

'Yar'uwar wannan matsala ita ce ɗaukar tafiya tare a matsayin sanadi. Idan aka ga ɗalibai masu ƙarancin barci suna samun ƙaramin maki, ana iya cewa rashin barci ne ya jawo, ana iya cewa fargabar ƙaramin maki ce ta hana barci, ana kuma iya cewa wani abu na uku, kamar rashin lafiya, shi ya jawo duka biyun. Lambobin su kaɗai ba za su zaɓa maka ba.

Shekara ta biyu takan zo da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma waɗanda suka yi sallama da ilimin halittu sai su dawo su gaishe shi. Dole a iya zana ƙwayar jijiya, a bi saƙo daga wannan ƙwaya zuwa waccan ta cikin ɗan gibin da ke tsakaninsu, a san aikin sinadarai irin su serotonin da dopamin. Ana karanta majinyacin Paul Broca na 1861 wanda yake fahimtar magana amma ya kasa furta ta, da Henry Molaison wanda aka yi wa tiyatar ƙwaƙwalwa a 1953 don maganin farfaɗiya, ya wayi gari ba ya iya ajiye sabon abu a kai. Wannan ɓangare haddarsa a fili take, zane da maimaici sun ishe shi.

Ɓangaren da nake taka wa a hankali shi ne na lalurorin ƙwaƙwalwa: tsoro mai tsanani, ciwon damuwa, da waswasin da ke tilasta wa mutum maimaita abu. Da zarar an karanta alamomin, rabin aji zai ga kansa a ciki, sauran rabin kuma su ga wani nasu. Ɗana, 'yata, ku ji wannan da kyau: jerin alamomi a littafi ba ya mayar da ku masu gano cuta. Ciwon damuwa, a ma'aunin likitoci, sai an samu aƙalla alamomi biyar cikin tara sun ɗore mako biyu suna hana mutum harkokinsa, kuma ƙwararre ne yake yanke wannan hukunci bayan ya kawar da wasu dalilai. Kada ku liƙa wa kowa suna. Idan kuma darasin ya taɓa wani miki na gaske a zuciyarku, wanda hakan yakan faru, ku sami malami ko wani babba da kuka amince da shi ku faɗa masa a ranar, kada ku bari ya kwana. Ku kuma sani cewa wannan darasi ƙofa ce kawai: zama masanin halayya mai duba marasa lafiya yana buƙatar digiri da ƙarin horo na shekaru, likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani kuwa ta makarantar likitanci yake bi.

Kusa da ƙarshe ne ɗalibi yake jin abin da yakan sanyaya masa gwiwa. A 2015 wata gamayyar masu bincike ta sake gudanar da bincike 100 da aka wallafa a manyan mujallun fannin, kimanin 36 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. An kuma daɗe ana ƙorafin cewa yawancin waɗanda ake gwadawa ɗaliban jami'o'in ƙasashen Yamma ne, sannan a ɗauki sakamakon a ce na ɗan Adam ne baki ɗaya. Akwai mai tambaya, to me ya sa muke wahala? Ni a wurina wannan shi ne darasi mafi daraja a shekara biyun. Da kayan aikin da ɗalibi ya koya a gwajin launuka aka gano wannan rauni, kuma wanda ya iya tambayar su wa aka gwada, su nawa ne, an sake yi an samu, ya riga ya riƙe abin da fannin yake gyara kansa da shi.

Game da bita, darasin da kansa ya ba da magani, amma kaɗan ne ke sha. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, sannan ta lafa. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna cewa bayan mako guda, waɗanda suka rufe littafi suka gwada tunawa sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karatu riƙewa. Duk da haka ɗalibi zai zauna yana shafa wa shafi launi, yana jin ya sani don idonsa ya saba da rubutun. Abin da ke aiki shi ne kati ɗaya ga kowane bincike: a gaba suna da shekara, a baya manufa, yadda aka yi, sakamako da lambobinsa, ƙarfi biyu da rauni biyu. A rufe bayan a faɗa da baki, washegari a sake, bayan mako a sake, bayan wata a sake. Katin da aka kasa ya koma farkon layi. Daga tsakiyar shekara ta biyu kuma, kowane mako a rubuta babbar amsa guda da agogo a gaba, ba littafi.

Agogon yana da dalili. A tsarin AQA takarda uku ce, kowacce awa biyu, maki 96, wato minti ɗaya da kwata ga kowane maki. Tambaya mai maki 16 minti 20 ne rabonta, mai maki 4 minti 5. Ɗalibai masu ƙoƙari su ne suka fi cin lokacin wata tambaya a kan wata: su zuba shafi guda a kan maki 4 don sun san batun sosai, su iso babbar tambayar ƙarshe saura minti bakwai. Idan tambaya ta zo da ɗan labarin wani mutum, dole amsa ta koma kan mutumin, ta ɗauko kalmomin labarin ta haɗa su da ka'idar. Wanda ya zuba ka'ida zalla ya bar makin a kan tebur. A ja layi a ƙarƙashin kalmar umarni kafin a fara, domin "bayyana" daban, "auna" daban, "tattauna" kuma tana neman duka biyun. A babbar tambaya, a ɗauki minti biyu a jera gaɓoɓi a gefen takarda, a ba bayani minti shida, sauran minti goma sha biyu a ba wa aunawa, gaɓa uku ko huɗu, kowacce da hujjarta da abin da ta jawo.